Babbar kyamara, ƙaramin ido: tambayar da iyaye ba sa yi kafin su biya

Sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo tana cikin ƴan ƙofofin da suka rage a buɗe ga yaranmu a nan Gaya. Wanda ya faɗi BEPC, da wanda ya ci bak amma babu halin zaman Yamai ko Doso, da ma wanda ya gama jami'a yana zaman jiran aiki, da yawansu yanzu kyamara suke rataye da ita a wuya. Biki ba ya ƙarewa, suna ba ya ƙarewa, ga walimar sauka, ga tarbar alhazai, ga hotunan takardun jarrabawa. Daga cikin gari har Bengu da Bana da Tanda da Yelu, duk inda aka kafa rumfa za ka ga ɗayansu yana kai da komo. Ni a matsayina na malamin lakwal ban raina sana'ar nan ba, domin na ga ta sayi babur, na ga ta biya kuɗin karatun ƙanne, na ga ta yi aure.

Abin da ke damuna shi ne ranar da yaron zai zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce kyamarar ta yi masa kaɗan, yana so ya koma "ful-firem". Uban bai san mece ce ful-firem ba. Abin da ya sani kawai shi ne ɗansa yana da himma kuma ba ya yawon banza. Sai a taɓa kuɗin rake, ko a kai sa kasuwa, ko uwar ta kwashi adashinta. Tambaya ɗaya ce ake biya, wato nawa ne kyamarar. Wadda ta fi ta muhimmanci ba a yin ta: idanun da ke cikin jakarka, za su hau sabuwar kuwa?

Ra'ayina, tun kafin in yi nisa, shi ne duk uban da aka kawo wa wannan buƙata kada ya ba da ko dala sai an zazzage jakar a gabansa an karanta abin da ke rubuce a jikin kowane ido. Kuma a mafi yawan lokuta, kuɗin ya fi amfani idan aka fara sayen ido da fitila, aka bar maganar sabon jiki sai gaba.

Bari in fayyace, domin ba kowa ne ya taɓa kwance kyamara ba. Irin waɗannan kyamarori gida biyu ne. Akwai jiki, akwai kuma gilashin da ake murzawa a gaba, wanda maƙwabtanmu na Kamba ke kira lens, namu na nan kuma su ce objektif. Ni zan kira shi ido. A cikin jikin akwai wani ɗan faranti da ke kama haske ya mayar da shi hoto. A kyamarar da ake kira ful-firem, farantin milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, daidai da girman fim ɗin da masu hoton da suke wankewa. A ƙananan, irin Canon 600D da 700D da 1300D da 2000D, ko Nikon D3200 da D5300, waɗanda su ne na fi gani a hannun yaranmu, farantin bai kai haka ba. Na Canon kusan 22.3 ne da 14.9, na Nikon da Sony kusan 23.5 da 15.6.

Shi kuwa ido, aikinsa ya jefa da'irar haske a kan farantin, kamar yadda tocila ke jefa haske a bango. Idon da aka ƙera don ƙaramin faranti, ƙaramar da'ira yake jefawa, shi ya sa ba shi da nauyi kuma ba shi da tsada. Ka ɗauki hasken da aka auna don ya rufe faifai ka ce sai ya rufe tabarma, tsakiya za ta haskaka, gefuna su zauna cikin duhu. Duk rigimar a nan take. Sauran bayanin, yadda kowane kamfani ya ɓullo wa lamarin ne.

Na Canon ya fi zafi, kuma shi ya fi shafarmu. Tun 1987 kamfanin ya fito da bakin da ake kira EF. A 2003, lokacin da ya fitar da EOS 300D, sai ya ƙara wani reshe, EF-S, don ƙananan farantai kaɗai. Idon nan na 18-55 da ke zuwa tare da kusan kowace ƙaramar Canon, EF-S ne. Haka 55-250, haka 18-135, haka 10-18. Babu ɗayansu da zai hau 5D ko 6D. Ba wai zai hau ya yi hoto marar kyau ba, a'a, ba zai ma shiga ba. Gindinsa ya fi kutsawa cikin jikin kyamara, babbar kuwa madubinta babba ne, yana iya dukan gindin idan ya ɗaga, don haka kamfanin ya toshe hanyar da gangan. Alamar ma a fili take: idon EF-S yana da ɗan farin murabba'i a inda ake saita shi, na EF yana da jan ɗigo. Ka duba bakin 6D, jan ɗigo kaɗai za ka gani.

Wani maƙwabcina ya aiko a kira ni wata rana bayan La'asar. Na tarar da shi a zaure, ɗansa na gefe ya sunkuyar da kai, ga 6D ta hannu a kan tabarma, an kawo ta daga bakin teku, ga idanu biyu kusa da ita.

"Malam, duba min abin nan. Ya ce ba ta karɓar gilashin. Ko an ba mu ta jabu ne?"

Na juya idanun, duka biyun da farin murabba'i. Na ce, "Alhaji, kyamarar ta gaskiya ce. Idanun ne ba nata ba."

"To tsohuwar fa?" Ya juya wajen yaron.

"Baba, ai ita na sayar na cika kuɗin."

Ana saura kwana huɗu bikin da ya riga ya karɓi kuɗin kafin alƙalami. Hayar ido ya yi a wajen wani abokin sana'arsa, kuma watanni ya yi yana haya kafin ya mallaki nasa. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, ya rubuta cewa jiki ne kaɗai. Sai dai bai tambayi yaron abin da ke jakarsa ba, kuma ba aikinsa ba ne ya tambaya.

Akwai masu gyara da za su ce a kawo su yanke robar gindin idon ya shiga. Kada a yarda. Ko ya shiga, duhun gefen yana nan, ga kuma haɗarin madubi ya daki gilashi a yi biyu babu.

Nikon da Sony sun bi wata hanya, mai kama da sauƙi, amma ita ce ta fi ruɗar mutane. Bakin Nikon F yana nan tun 1959, kuma idon da aka rubuta wa DX zai hau D610 ko D750 lafiya lau. A Sony ma baki ɗaya ne tsakanin a6000 da a7, idanun babban faranti ne kawai ake rubuta wa FE. Canon ma da ta fito da kyamarori marasa madubi a 2018, masu bakin RF, ta yi adaftar da ke ba idon EF-S damar hawa. To sai yaro ya ce, "Baba, nawa suna hawa, babu matsala." Suna hawa, gaskiya ne. Amma me kyamarar ke yi da zarar ta gane ƙaramin ido ne? Sai ta kashe gefen farantinta, ta yi aiki da tsakiya kaɗai. Wato ta mayar da kanta ƙaramar kyamarar da aka gudo daga gare ta.

A nan ne nake kira ga ƴan'uwana malaman lissafi, domin wannan darasinmu ne tsaf. Yara suna jin ana cewa bambancin 1.5 ne ko 1.6, sai su ɗauka ɗan kaɗan ne ake asara. Sun manta cewa fili ake aunawa, tsawo da faɗi, don haka sau biyu ake rabawa. 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56. 1.5 sau 1.5 ya ba da 2.25. Nikon D750 mai megafiksel 24, idan ka ɗora mata idon DX, kusan 10 za ta ba ka. Sony a7 III haka. Canon RP mai 26 za ta sauko kusan 10, R6 ta farko mai 20 ta sauko ƙasa da 8. Tsohuwar D700 mai 12 kuwa, kusan 5. Alhali D5300 ɗin da yaron ya sayar, da idon nan dai, megafiksel 24 take ba shi cif. Ka ji ciniki: an ƙara kuɗi mai yawa an sayi hoton da bai kai rabin na da ba.

Zan yi adalci, megafiksel 10 ba abin yarwa ba ne. Ya isa a wanke hoto mai girman takardar A4 ya fito tas, kuma yawancin hotunan bikinmu a WhatsApp suke ƙarewa, inda ake matse su fiye da haka. Amma wannan hujjar ai a kan mai sayen take komawa. Idan 10 ya ishe ka, me ya kai ka sayar da sa?

Sai kuma idanun wasu kamfanoni, waɗanda suka fi araha kuma suka cika kasuwar kayan hannu. Sigma tana rubuta DC a kan na ƙaramin faranti, DG a kan na babba. Tamron tana rubuta Di II a kan ƙarami, Di kaɗai a kan babba. Waɗannan ko na bakin Canon ne sukan hau 6D da 5D, babu abin da zai tare su. Sai dai 6D da 5D Mark II da Mark III ba su da dabarar nan ta yanke gefe, don haka hoton zai fito da baƙi a kusurwa huɗu, kamar an leƙa ta cikin bututu. Mafi muni su ne masu Canon M50 da ƴan'uwanta. Idanunsu na EF-M ba sa hawa 5D, ba sa hawa 6D, ba sa hawa na RF ko da adafta, kuma kamfanin ya daina wannan layin. Duk wanda zai bar M50, daga tushe zai fara. Mai komawa Nikon Z ma ya sani cewa adaftar FTZ ba ta juya tsofaffin idanun AF-D, da hannu zai riƙa saita su, kuma ba a saita ido da hannu ana tsaka da rawar ƙawayen amarya.

Ko idon da ya hau ba tare da gardama ba, ba zai ga duniya yadda ya saba ba. Ɗan idon nan na Canon 50mm f/1.8, mai araha, wanda yara ke so domin yana narkar da baya ya fito da fuskar amarya, EF ne, zai hau babbar. A ƙaramar kyamara yana aiki ne kamar 80mm, shi ya sa yake cika hoto da fuska. A babbar zai koma 50 ɗinsa na asali, sai ka matsa sosai kafin ka sami abin da ka saba samu daga nesa. Idon 75-300 da ake ɗaukar kokawa ko ƙwallo da shi daga bakin fili, nisan da yake jawowa zai ragu. Kuma wanda zai maye gurbin 18-55, wato idon aikin yau da kullum, shi ne irin 24-105 ko 24-70, waɗanda a kasuwar kayan hannu kuɗinsu kan yi kafaɗa da kafaɗa da na jikin, wani lokacin ma ya wuce. Ga batir: 600D da 700D LP-E8 suke ci, 6D da 5D Mark II kuwa LP-E6. 5D Mark II katin CF take karɓa, ba SD ba. 5D da 6D ba su da ɗan filashin nan na kai. Doki dai aka saya, sirdi da linzami da dusa suna nan suna jira.

Wani zai ce, Malam, kana so ka hana yara ci gaba ne? Ko kusa. Babban faranti yana da fa'ida ta gaske, kuma lissafin ne ya nuna: 36 sau 24 ya ba da 864, 22.3 sau 14.9 ya ba da kusan 332. Fili ya ninka fiye da sau biyu da rabi, haske ma haka. Mu da ake yin rabin shagalin bikinmu da dare, a tsakar gida, ƙarƙashin ƙwai ɗaya ko biyu, mun san darajar wannan. Wanda ya yi aiki bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ya fi kowa sani. Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili: mai biki yana kallon girman kyamara kafin ya kalli hoto, kuma wanda ya shigo da babba yakan iya ƙara kuɗin aikinsa. Ban ƙaryata wannan ba. Amma fa'idar hasken ba ta samuwa sai da idon da ya rufe farantin gaba ɗaya. Kuma ga yaron da har yanzu 18-55 kaɗai yake da shi, wanda ƙofar haskensa ke tsukewa zuwa f/5.6 idan an jawo, komawa f/1.8 zai shigo masa da haske kusan ninki goma. Sauya jiki ninki biyu da rabi zai ba shi. Idon kuma ko kusa da kuɗin jikin bai kai ba. Ka haɗa masa da filashi mai kyau da fitilar bidiyo mai batir, ka ga ko masu biki za su gane kyamarar ba ta sauya ba.

Shi ya sa nake ganin tsarin da ya dace da aljihunmu shi ne a fara daga ido. Idon babban faranti yana hawa ƙaramar kyamara ba tare da wata matsala ba, tabarma ai tana rufe faifai. Mai Canon ya riƙa sayen EF, mai Nikon ya guji DX, mai Sony ya nemi FE, ɗaya bayan ɗaya, daga ribar aiki ba daga garken gida ba. Yau yana mora, ranar da jikin ya zo kuma ya tarar da iyalinsa suna jira. Lokacin ma ya dace, domin manyan kamfanonin sun karkata ga marasa madubi. Shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi, kuma masu hoton Turai da Amurka suna ta sakin tsofaffin idanunsu zuwa kasuwar kayan hannu. Abu ɗaya kawai: kada a sayar da 18-55 ɗin. Idon 24-105 a ƙaramar kyamara daga kusan 38 yake farawa, ba zai ɗauki ɗakin amarya da jerenta ba. Kuma ko an sayi babbar, a bar ƙaramar a jaka. Ɗaurin aure ba a maimaita shi domin kyamara ta tsaya.

Jiki yana tsufa da sauri. Kowane yana da adadin ƙyaftawar da aka ƙera shi ya jure, na 5D Mark II 150,000 ne, kuma wadda ta fito tun 2008 ta yi shekaru tana bin bukukuwa a wata ƙasa kafin ta iso mu, Allah kaɗai ya san nawa ta ci. Ana iya duba adadin da kwamfuta, a nemi a gani. Ido kuwa idan an kula da shi yakan binne jiki biyu ko uku.

Matsayin garinmu ma ya ƙara wa maganar nauyi. Da, wanda ya sayi abu a Malanbil bai yi masa ba, sai ya hau kabu-kabu ya tsallaka gada ya mayar. Tun bayan 26 ga Yulin 2023 abin ya sauya. An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar ba ta koma yadda muka san ta ba, kaya da mutane suka koma bin jirgin ruwa. Abin da aka yi cinikinsa ta waya daga Kwatano ko Ikko, aka biya, aka biya ɗan aike, aka biya fito, ba ya komawa. Sayen kifi a ruwa ke nan. Yamai ma kusan kilomita 300 ce, ba wurin da za a ruga a dawo kafin Azahar ba ne.

Wani lokaci nakan tuna wa ɗalibaina cewa Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, da ƴar Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba ya fara. Malick Sidibé, da ya karɓi Zakin Zinariya a Venis a 2007, hotunan shagalin samari da dare ne suka ɗaukaka shi, da filashi, da sanin inda zai tsaya. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki. Ba ina cewa yaranmu su koma fim ba ne. Ina cewa da yawansu ba su gama cin moriyar abin da ke hannunsu ba, har yanzu a kan koren maɓallin nan na otomatik suke aiki, kuma babban faranti ba ya koya wa mutum inda rana take.

Mu malamai muna da laifinmu a nan, na tsarin koyarwa. Muna zana gilashi mai tara haske a allo a darasin fizik, muna koyar da fili da ninki a lissafi, yaro ya haddace ya zuba a jarrabawa, bai taɓa sanin cewa abin nan ne ke rataye a wuyan yayansa ba. Me zai hana a gayyaci mai hoto ɗaya na unguwa ya zo aji da jakarsa? A cire ido, a riƙe shi gaban farar takarda kusa da taga, yara su ga da'irar hasken da idanunsu, su auna ta da rula. A ba su 24 su raba da 2.25. Awa ɗaya ya isa, kuma wata rana ɗayansu ne zai tsaya tsakanin mahaifinsa da asarar sa.

Ga iyayen da maganar ta riga ta zo gabansu, ba sai kun iya Faransanci ko Turanci ba. Ku sa a jera idanun, a karanta muku haruffan: EF-S, EF-M, RF-S, DX, DC, Di II, ko E marar F a gabansa, duk na ƙaramin faranti ne. Ku ce a rubuto muku kuɗin jiki da na ido da na batir da na kati a takarda ɗaya, a haɗa jimla, a kuma faɗi biki nawa za a ɗauka kafin kuɗin ya dawo. Idan akwai mai irin kyamarar a gari, a je da jakar a gwada kowane ido a jikinta, a ɗauki hoton farin bango, a duba kusurwoyi. Idon hannu kuma, musamman wanda ya fito daga bakin teku inda laima ta yi yawa, a haska cikinsa da tocilar waya. Idan an ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashin, funfuna ce, kuma daminar Gaya ba za ta rage ta ba.